Koya wa Ɗalibai Tsara Aiki a Zamanin Aikin Gida da Sakamako ta Intanet

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa shafin intanet da ɗalibi ke duba aikin gida da makinsa bai ɗauke wa malami nauyin koya masa tsara aiki ba. Za mu kafa misali da ɗalibin ƙauye, kamar na Madaci a ƙasar Rano da Kibiya.

2.0 Tushen Al'amarin

Tun a 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi cewa a riƙa auna ɗalibi a kai a kai, a tara makinsa, maimakon dogaro da jarrabawar ƙarshe kaɗai. Wato aikin kowane mako yana da daraja. Daga baya na'ura ta shigo. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta soma jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta koma gare ta gaba ɗaya a 2015. Yau rajista da duba sakamako, har da ba da aikin gida a manyan makarantu da dama, ta intanet ake yin su.

3.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Shafin yana faɗa wa ɗalibi abu biyu: ranar rufewa, da makin da ya riga ya samu. Ba ya faɗa masa ranar da ya kamata ya fara. Mu ɗauki rajistar JAMB. Tun daga 2021 sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, sannan a nemi lambar rajista ta saƙon waya, a biya kuɗi, a je cibiyar da aka amince da ita. Kowane mataki yana jiran na gabansa. Ɗalibin Madaci kuwa sai ya haɗa da kuɗin mota, da cajin waya, da ƙarfin sabis. In ya bari sai makon ƙarshe, mataki ɗaya ya cije, shekara guda ta tafi.

4.0 Shawarwari

Na farko, a koya wa ɗalibi lissafi daga ƙarshe zuwa farko: ya rubuta ranar rufewa, ya karkasa aikin, ya ba kowane kashi ranarsa. Haka manomi ke yi, ya share gona, ya kai taki, ya tanadi iri tun kafin ruwa ya sauka.

Na biyu, kowane ɗalibi ya riƙe ƙaramin littafi da zai kwafe abin da ya gani a shafin, domin takarda ba ta buƙatar caji.

Na uku, malami ya ware minti 10 a farkon mako ya duba waɗannan littattafai, ya kuma ba da ɗan maki a kan tsarin kansa.

Na huɗu, a tsayar da rana ɗaya ta duba maki, a bi shi da tambayar me za a gyara mako mai zuwa.

5.0 Kammalawa

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Mu da ke kwalejojin ilimi, wajibi ne mu fara da ɗalibanmu masu zuwa koyon aikin koyarwa, domin malamin da bai iya tsara makonsa ba, da wuya ya koya wa yaro tsara nasa.