Katin Hoto da Direbansa: Gano Musabbabin Yawan Ɗaukewar Kwamfuta

Katin hoto shi ne sashen kwamfuta da ke lissafa duk abin da ido ke gani a allo, kuma ba ya aiki sai da wata manhaja da ake kira direba, wadda take karɓar umarni daga babbar manhajar kwamfuta ta isar masa. Idan aka sami tangarɗa tsakanin waɗannan biyun, allo yakan yi baƙi, ko hoto ya daskare, ko kuwa shuɗin allo ya bayyana, kwamfutar ta mutu ta sake tashi da kanta.

Tun daga Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a 2007, kamfanin Microsoft ya sanya wani tsari mai suna TDR, wanda yake sa ido a kan katin, ta yadda idan katin ya wuce daƙiƙa 2 bai amsa ba, sai a sake tayar da direban ba tare da an kashe na'urar ba. In hakan ya faskara, Windows takan tsaya cik ta nuna saƙon VIDEO_TDR_FAILURE, galibi tare da sunan fayil, kamar nvlddmkm.sys na Nvidia ko atikmpag.sys na AMD. A nan ne masu gyara da yawa suke yin kuskure, domin sunan yana nuna inda matsalar ta ɓulla ne kawai, ba lalle ne ya nuna inda ta samo asali ba.

Saboda haka bincike yakan fara da Event Viewer, wato rumbun da Windows take ajiye bayanan abubuwan da suka faru, inda lamba 4101 take nuna cewa direban ya daina amsawa aka farfaɗo da shi, lamba 41 kuma take nuna cewa kwamfutar ta mutu ba bisa ƙa'ida ba. Idan matsalar ta fara ne bayan sabunta direba, ana shiga Safe Mode, yanayin da Windows take tashi da direbobi kaɗan, a goge direban gaba ɗaya da manhaja irin su Display Driver Uninstaller, sannan a ɗora wanda aka san yana aiki lafiya. Haka kuma ana mayar da gudun katin yadda kamfani ya saita shi idan an ƙara shi, domin gudu mai yawa yakan sa kati ya tsaya, kamar yadda aka gani a 2020, lokacin da wasu katunan RTX 3080 suka riƙa tsayawa idan gudunsu ya kai kimanin gigahaz 2, har sai da Nvidia ya fitar da sabon direba.

Idan ɗaukewar tana zuwa ne bayan katin ya daɗe yana aiki mai nauyi, zafi ne abin zargi, musamman a ƙasar Hausa, inda ƙurar hunturu take toshe fanka, zafin bazara kuma ya ƙara tsananta lamarin. Mutuwa farat ɗaya ba tare da wani saƙo ba kuwa takan nuna raunin akwatin da ke rarraba wuta, ko wayar da ba ta zauna daram ba, ko hawa da saukar wutar lantarki. Ƙwaƙwalwar RAM ma takan jawo irin wannan, shi ya sa ake gwada ta da MemTest86.

Ƙa'idar da ta haɗa duk waɗannan ita ce a canza abu ɗaya a lokaci guda, a gwada, a rubuta sakamakon, domin wanda ya canza uku tare ba zai san wanne ya yi magani ba. Ƙara wa'adin daƙiƙa 2 ɗin nan, wanda wasu suke ba da shawara, ɓoye alamar cuta ne kawai. Bai kamata a yanke wa kati hukunci ba sai an gwada shi a wata kwamfutar ya maimaita laifin, domin kati yana da tsada, kuma sabon da aka sa a akwati mai raunin wuta zai gaji ciwon tsohon.