Daga Avengers zuwa Dune: Finafinan da ake jira a Illela da lokacin da za su iso wayoyin masu kallo

Manyan kamfanonin finafinai biyu na Amurka, Disney da Warner Bros., sun tsayar da rana guda, Juma'a 18 ga Disamban 2026, domin sakin finafinan da suka fi ɗora wa buri a bana: Avengers: Doomsday da Dune: Part Three. Masu sharhi a can tuni suka fara lissafin wanda zai danne ɗan'uwansa a gidajen sinima.

A Illela, garin kan iyaka da ke kimanin kilomita 80 arewa da birnin Sakkwato, lissafin daban ne. Babu gidan sinima na zamani a garin, kuma wanda ya dage sai ya ga fim a babban allo ranar da ya fito, sai ya shirya doguwar tafiya zuwa birane irin su Abuja. Duk da haka akwai matasa a nan, daga ɗaliban sakandare zuwa masu gyaran waya da 'yan kabu-kabun da ke zirga-zirga tsakanin Illela da Birnin Konni, waɗanda suka san tarihin Thanos da Iron Man kamar yadda suka san 'yan wasan Barcelona. Tambayarsu guda biyu ce: wane fim ne ke tafe, kuma yaushe zai shigo waya da hoto mai kyau da fassarar Hausa?

Daga Mayu zuwa Yuli

The Mandalorian and Grogu ne zai buɗe fage ranar 22 ga Mayu. Shi ne fim ɗin Star Wars na farko da zai shiga sinima tun bayan The Rise of Skywalker na 2019. Pedro Pascal ne ke fitowa a matsayin mafarauci mai sulke da ke renon wani ɗan ƙaramin halitta mai manyan kunnuwa. Labarin ya faro ne daga shiri mai dogon zango, don haka wanda bai ga shirin ba zai fi jin daɗi idan ya fara nemansa.

Ranar 26 ga Yuni sai Supergirl, wanda Milly Alcock ke jagoranta, Jason Momoa kuma ya fito a matsayin Lobo. Ci gaba ne na sabon tsarin da kamfanin DC ya fara da Superman na James Gunn a Yulin 2025.

The Odyssey na Christopher Nolan zai fito ranar 17 ga Yuli. Tsohon labari ne na Girkawa game da sarki Odysseus, wanda ya shafe shekara goma yana neman hanyar komawa gida bayan yaƙin Troy, ya haɗu da ƙato mai ido ɗaya da matsafa da guguwar teku. Matt Damon ne sarkin, tare da Anne Hathaway da Zendaya da Lupita Nyong'o, kuma an ɗauki wani ɓangare a Maroko. Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja a makaranta zai gane irin wannan tafiya ta mutumin da ya bar gida ya yi ta faɗawa hannun mutane da aljanu. Matsalar guda ce ga mai kallo a waya: da kyamarorin IMAX aka ɗauki fim ɗin gaba ɗaya, domin allo mai tsayin bene.

Mako biyu bayan haka, ranar 31 ga Yuli, Tom Holland zai dawo a Spider-Man: Brand New Day. A ƙarshen No Way Home na 2021 duniya ta manta da wane ne Peter Parker, har budurwarsa da amininsa. Daga nan sabon zai ɗora, kuma Hulk da Punisher za su bayyana a ciki.

Karon battar Disamba

Abin da ya fi ɗaga hankalin masoya Marvel shi ne dawowar Robert Downey Jr. Jarumin da ya mutu a matsayin Iron Man a Avengers: Endgame na 2019, fim ɗin da ya tara kusan dala biliyan 2.8, zai dawo a matsayin mugu, wato Doctor Doom. An sanar da hakan ne a watan Yulin 2024. 'Yan'uwan nan biyu, Anthony da Joe Russo, su ne masu ba da umarni, kuma cikin jaruman akwai Chris Hemsworth, Anthony Mackie, tsofaffin 'yan X-Men irin su Patrick Stewart da Ian McKellen, da mutanen Wakanda, Letitia Wright da Winston Duke.

Shi kuwa Dune: Part Three na Denis Villeneuve, daga littafin Dune Messiah na Frank Herbert wanda ya fito a 1969 aka ɗauko shi. Labarin wata duniya ce ta hamada inda ruwa ya fi zinariya daraja, mutanenta na rufe fuska saboda ƙura, manyan ƙasashe kuma na yaƙi a kan arzikin da ke cikin yashinta. Mutumin Illela da zai kalle shi cikin hazon hunturu ba ya buƙatar a yi masa bayanin ƙura, kuma maƙwabtansa na Nijar da suka san tarihin yuraniyom ɗin Arlit ba sa buƙatar bayanin sauran. Sai dai marubucin ya ari kalmomin Larabci da dama, har da Mahadi, ya saka su cikin addinin da ya ƙirƙira wa mutanen labarinsa. Yana da kyau mai kallo, da mai fassara ma, su san cewa almara ce, kuma saƙon littafin gargaɗi ne a kan bin shugaba ido rufe.

Ɓangaren Indiya

A ƙasar Hausa fim ɗin Indiya ya riga na Marvel samun gindin zama da shekaru masu yawa, kuma Baahubali na S. S. Rajamouli, kashi na ɗaya a 2015 da na biyu a 2017, ya nuna cewa su ma sun iya yaƙin da ya wuce hankali. Rajamouli na shirya sabon fim mai suna Varanasi tare da Mahesh Babu da Priyanka Chopra, an ɗauki wani sashe a Kenya, ana kuma sa ran fitarsa a 2027.

Kafin nan akwai kashin farko na Ramayana, wanda aka tsara wa lokacin bikin Diwali na 2026. Ranbir Kapoor da Sai Pallavi da Yash ne manyan jaruman, A. R. Rahman da Hans Zimmer suka haɗu a kan kiɗan. Wannan labari ne daga littattafan addinin Hindu, abin da ya kamata iyaye su sani kafin ya shiga wayar gida.

Hanyar da fim ke bi kafin ya iso

Ranar da Hollywood ta sanar, ranar sinima ce kawai. Abin da ke fara yawo a intanet cikin kwanakin farko shi ne kwafin da wani ya ɗauka a ɓoye da kyamara a cikin zauren kallo: hoto dishi-dishi, murya kamar daga cikin rijiya, wani lokaci har da kan mutumin da ya miƙe zai fita. Kwafi mai tsabta sai kamfanin ya saki fim ɗin domin kallon gida, abin da galibi ke ɗaukar makonni da dama, wani lokaci wata biyu zuwa uku.

Daga nan masu fassara, waɗanda Algaita na Kano ya fi shahara a cikinsu, za su ɗora muryoyin Hausa idan sun ga fim ɗin zai karɓu. Sai ya faɗo hannun masu shagunan tura finafinai, waɗanda ke zuba shi a memori ko waya a kan ɗan kuɗi kaɗan, daga nan kuma abokai su riƙa tura wa juna ta Xender. Ranar Lahadi da kasuwar Illela ke ci, baƙi daga ƙauyuka da tsallaken iyaka kan cika wayoyinsu kafin su juya. Ta ɓangaren Konni kuma, inda ake kama tashoshin Canal+, wasu finafinan kan zo da Faransanci.

Idan aka bi wannan lissafi, fim ɗin da ya fito a Disamban 2026 zai yi wuya ya iso Illela da hoto mai kyau da Hausa kafin watannin farko na 2027.

Hanyar ma ba kullum take a buɗe ba. An rufe iyakokin ƙasa na Najeriya a Agustan 2019, Illela na cikin huɗun farko da aka buɗe a Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an sake rufewa har zuwa Maris ɗin 2024. Duk lokacin da hakan ta faru ciniki kan ja baya a garin, kuɗin nishaɗi ne kuma ke fara yankewa. Ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data, abin da ya sa sauke fim guda ya zama shawarar da ake yi da aljihu.

Akwai kuma batun haƙƙin mallaka. Yawancin wannan ciniki ba da izinin masu finafinan ake yinsa ba, kuma dokar haƙƙin mallaka da aka sanya wa hannu a 2023 ta shafi abin da ake yaɗawa ta intanet. Kamfanonin Amurka ba za su ji a jikinsu ba don an tura Spider-Man a Illela. Furodusoshin Kannywood ne suka daɗe suna kuka da wannan hanya, domin ita ce ta taimaka wajen kashe kasuwar faifai, har da yawansu suka koma YouTube da shirye-shirye masu dogon zango.

Hattara da tallan bogi

Inda ɗoki ya yi yawa, nan 'yan damfara ke samun kasuwa. YouTube da TikTok da Facebook cike suke da tallace-tallacen finafinai na ƙarya da aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira, ana ɗora fuskar jarumi a kan fim ɗin da ba a ma fara ɗauka ba. A Disamban 2025 YouTube ya rufe manyan tashoshi biyu, Screen Culture da KH Studio, waɗanda suka yi suna a wannan sana'a.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Duk wanda ya ce yana da cikakken Avengers: Doomsday kafin 18 ga Disamba, ko dai tsofaffin finafinai ya yanyanka ya haɗa, ko kuma yana son a latsa wani adireshi da zai cinye data ko ya dasa wa waya muguwar manhaja. Tallan gaskiya a shafin kamfanin yake fitowa, irin su Marvel Entertainment da Warner Bros. Shafin da ya nemi lambar katin banki ko lambar sirrin da aka turo ta saƙo kafin a kalli fim, a rufe shi nan take.

Ranakun ma kan canza. Doomsday kansa an fara sa masa 1 ga Mayun 2026 kafin a ɗage shi zuwa Disamba, aka kuma tura na bayansa, Avengers: Secret Wars, zuwa 17 ga Disamban 2027.

Labarin da ya fi kusa da gida

A jerin akwai guda da ya fito daga alƙalamin 'yar asalin Najeriya. Children of Blood and Bone, wanda aka tsara wa 15 ga Janairun 2027, daga littafin Tomi Adeyemi na 2018 aka ɗauko shi, kuma a kan al'adun Yarabawa ta gina duniyarsa. Gina Prince-Bythewood ce ta ba da umarni, Thuso Mbedu ce jarumar, tare da Damson Idris, Idris Elba, Viola Davis, Chiwetel Ejiofor da Richard Mofe-Damijo. A Afirka ta Kudu aka yi aikin ɗaukarsa. Kafin shi an ga Iwájú a 2024, zanen katun da Disney ya yi da kamfanin Kugali a kan Legas ta nan gaba.

Hausa ma ba ta rasa irin wannan kaya ba. Gandoki na Bello Kagara ya fito tun 1934, da jarumin da ya yi yaƙi har ƙasashen aljanu. A 1969, shekarar da ɗan'adam ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da wani baƙo daga sararin samaniya ya ɗauka suka yi yawo a can.

Yankin Illela kuwa yana da nasa. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, kusa da Dogon Dutsi, matar da labaran baka ke dangantawa da jarumta da asiri. A watan Mayun shekarar rundunar ta yi kisan kiyashi a Birnin Konni, 'yan kilomitoci daga inda shagunan tura finafinan Illela suke a yau. Abdoulaye Mamani ya rubuta labarin sarauniyar a littafi a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya lashe babbar kyautar bikin FESPACO a 1987. A garin Tawa kuma, hedikwatar jihar da Konni ke ciki, Moustapha Alassane, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara yin finafinan katun a Afirka, ya yi zamansa yana aiki da kayan da ya harhaɗa da hannunsa, kafin rasuwarsa a 2015.

Matasan da ke jiran Doctor Doom suna riƙe da wayoyin da suka fi kayan aikin Alassane ƙarfi nesa ba kusa ba, wasunsu ma sun iya yanka bidiyo da ɗora murya. A watannin da za su yi suna jiran fassarar Doomsday, akwai lokacin neman fim ɗin Med Hondo da littafin Umaru Dembo, su ga abin da aka riga aka yi da labaran gida da abin da ya rage a yi.