Ostirakod: Siffarsa, Ire-irensa da Shaidar da Yake Bayarwa kan Tarihin Ƙasa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin matsalolin da ke fuskantar mai koyar da kimiyya da Hausa akwai rashin sunayen halittun da ido ba ya cika gani. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan ɗaya daga cikinsu, wato ostirakod, ƙaramar halittar ruwa dangin ƙaguwa da jatan lande. Manufar ita ce a nuna cewa duk da ƙanƙantarsa, ɓawonsa ya adana labarin ƙasa, har da na ƙasar Hausa.

2.0 Siffa da Rayuwa

An samo sunan daga kalmar Girkanci mai ma'anar ɓawo. Jikinsa yana cikin ɓawo biyu masu haɗe ta baya, kamar na makankari. Idan ya ji haɗari sai ya janye ƙafafunsa ya rufe. Yawancinsu ba su wuce milimita 1 ba, amma jinsin Gigantocypris da ke zurfin teku yakan kai milimita 30. Da yake ɓawon ba ya girma, sai ya riƙa saɓa, galibi sau 8, kafin ya balaga.

Ta fuskar hayayyafa, akwai ire-iren da mace ke yin ƙwai ya ƙyanƙyashe ba tare da namiji ba. Haka kuma ƙwan waɗansu yana jure fari na shekaru cikin busasshen laka, sai ruwa ya sauka ya ƙyanƙyashe. Wannan ne dalilin samun su a kududdufin da ke ƙafewa da rani.

3.0 Ire-irensa

Masana sun ƙiyasta ire-iren da ke raye a yau sun kai 13,000, kimanin 2,000 daga ciki a ruwan daɗi, sauran galibi a teku. Waɗansu suna iyo, waɗansu suna rarrafe a ƙasan ruwa suna cin ruɓaɓɓen ganye. A gaɓar tekun Japan akwai mai fitar da shuɗin haske da dare, a tekun Karibiyan kuwa maza kan yi amfani da irin wannan haske wajen jawo mata.

4.0 Ɓawo a Matsayin Shaida

Ɓawon ostirakod yana da sinadarin farar ƙasa, don haka yakan daskare cikin dutse. An sami irinsa a duwatsun da suka haura shekara miliyan 450. Tun da kowane iri yana da ruwan da ya fi so, mai gishiri ko maras gishiri, ganin ɓawonsa yana nuna irin ruwan da ya taɓa kwanciya a wurin. Masu haƙar man fetur ma suna amfani da shi wajen gane shekarun duwatsu.

Richard Reyment, wanda ya koyar a Jami'ar Ibadan a shekarun 1960, ya nazarci irin waɗannan ɓawo a Nijeriya. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina a Sakkwato, wanda ake yin siminti da shi, yana ɗauke da ostirakod na teku masu kama da na Arewacin Afirka. Wannan yana cikin hujjojin da ke nuna cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce wani reshen teku ya ratso Sahara ya malale yankin.

5.0 Kammalawa

An ga yadda halittar da ba ta kai ƙwayar gero ba take ba da shaida kan abin da ya auku kafin zuwan ɗan Adam. Abin da ya rage ga masana harshe shi ne zaɓin suna: ko a ari kalmar a hausantar da ita, kamar yadda aka yi a nan, ko a ƙirƙiro wata daga siffarsa, misali "ɗan makankari". Arowa ta fi kusa da rubuce-rubucen kimiyya, ƙirƙira kuwa ta fi saurin zama a zuciyar ɗalibi.