Yadda tsofaffin jaridu ke taimakawa wajen gano tarihin gidajen Ƙofar Mata

Duk wanda ya bi titin da ya taso daga Ƙofar Mata zuwa Babban Masallacin Juma'a na Kano zai ga yadda shaguna da benaye ke cinye tsofaffin gidajen ƙasa. Mai gida ya rasu, magada su raba gado, wani ya saya ya rushe. Bayan 'yan shekaru sai a rasa wanda zai faɗi lokacin da aka gina soron, ko wanda ya fara zama a ciki.

A watan Yunin 2023, lokacin da gwamnatin jihar ta rushe shagunan da aka gina a Filin Idi, mazauna yankin sun ga yadda fuskar wuri ke sauyawa cikin kwanaki kaɗan. Su kuwa gidajen cikin lungu, a hankali suke tafiya, ba tare da kowa ya ɗauki hotonsu ba.

Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa ta faro tun 1498, ta samu masu rubuta tarihinta. Haka ma Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna ya kuma buɗe makarantar boko a 1909. An san labarin wannan gida ne domin mutanen da suka zauna cikinsa masu rubutu ne, kuma an adana takardunsu. Gidan baba ko maƙeri ko malamin zaure bai samu wannan gata ba. Abin da ya rage wa jikokinsa shi ne bakin tsofaffi, sai kuma tsofaffin jaridu.

Jarida ba ta san lambar gida ba

Matsalar farko da mai bincike zai ci karo da ita ita ce, a cikin birni ba a san gida da lamba ba. Ana cewa gidan wane ne, a unguwa kaza. Saboda haka neman gidan kansa a shafukan jarida ɓata lokaci ne. Mutumin ake nema: ranar da aka naɗa shi mai unguwa, shekarar da ya sauke farali, sanarwar rasuwarsa, tallar hajarsa, ko wasiƙar da ya aika wa edita ya sa sunan unguwarsa a ƙasa.

Ga manyan mutane abin da sauƙi. Alhassan Ɗantata ya rasu a watan Agustan 1955, don haka mai bin tarihin gidansa ya san watan da zai fara buɗewa. Ga talaka kuwa, sai an bi ta wata hanya.

Tsofaffin Kano ba kasafai suke ƙirga shekara da lamba ba, da abin da ya faru suke ƙirgawa. Tsohuwa za ta ce an yi wa ɗakin rufin kwano shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo, ko an tayar da katangar bayan rasuwar Sarki Alhaji. A nan jarida take aikinta. Zuwan Sarauniya a watan Fabrairun 1956 ne, Sarki Abdullahi Bayero kuma ya rasu a Disambar 1953. Gobarar silimar El-Duniya a Mayun 1951 aka yi ta. Rikicin Maitatsine, wanda ya tashi a 'Yan Awaki, ba nisa da Ƙofar Mata, a Disambar 1980 ne. Mamakon ruwan Agustan 1988, da ya fasa madatsar Bagauda ya kuma zubar da gidajen ƙasa masu yawa a Kano, shi ne dalilin da ya sa wasu ɗakuna suka koma na bulo. Idan aka jera maganar tsohuwa da kwanan watan jarida, sai gida ya fara samun shekaru.

Inda jaridun suke

Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin editan Hausa, ita ce ta fi daɗewa, kuma ta riƙa buga labarai da wasiƙu daga larduna. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta fitar da jaridun larduna, ta Kano ita ce Sodangi. Wannan ta fi kusa da harkokin En'e da na unguwanni. A Turanci akwai Nigerian Citizen da ta fara a 1948, New Nigerian ta gaje ta a 1966, sai Triumph ta gwamnatin Kano daga 1980.

Abin takaicin shi ne, mai neman labarin Kano sau da yawa sai ya hau motar Kaduna. A can ne Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa yake, tare da fayilolin Lardin Kano na zamanin Turawa, a can ne kuma Arewa House take. Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya shi ma wurin zuwa ne. A Kano, ana iya farawa daga Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa. Takardar jarida ba ta da ƙarko, zafi da ƙura da gara suna cin ta, kuma ba mamaki a tarar bugun da ake nema ne ya ɓace daga ɗaurin.

Shirin Archivi.ng da Fu'ad Lawal ya kafa yana sa tsofaffin jaridun Najeriya a intanet, amma ko a kwamfuta sai an gwada suna da rubutu iri-iri, domin wani wurin Alhassan za a gani, wani wurin Alhasan.

Jarida kuma ba hujjar mallaka ba ce. Tana yin kuskure, kuma Gaskiya da Sodangi na hukuma ne, abin da hukuma ta ga dama suke bugawa. Cinikin gida a birni a gaban shaidu da mai unguwa ake yinsa, rabon gado kuma a gaban alƙali, takardun sau da yawa da Larabci ko ajami. Irin waɗannan ba sa cikin kowane ɗakin karatu. Suna cikin adakar tsohuwa ko gafakar malam, kuma su ne ake fara zubarwa ranar da aka kwashe kaya za a rushe gida.