Ga inji ga mai, amma gida na cikin duhu: Abin da ke kashe na'urar canjin wuta a Sakkwato

Da tsakar daren bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke hana barci, ɗaukewar wuta ba labari ba ne. Abin da ke tayar da hankali shi ne shirun da ke biyo baya. A ƙaramin asibiti, ko gidan ƙanƙara, ko masana'antar ruwan leda, ana sa ran janareta zai tashi da kansa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Idan bai tashi ba, firjin allurar rigakafi ya fara ɗumi, kifi ya fara narkewa, mai gadi kuma ya shiga lalube da fitilar waya.

Na'urar da aka ɗora wa wannan aiki ita ce ta canjin wuta mai sarrafa kanta, wadda masu gyara ke kira ATS. Tana lura da wutar Nepa. Idan ta ɗauke, sai ta umarci inji ya tashi, ta jira ƙarfinsa ya daidaita, sannan ta mayar da ginin kansa. Idan Nepa ta dawo ta zauna, sai ta mayar da layin, ta bar injin ya huce kafin ta kashe shi.

A Sakkwato aikin nata ya yi yawa. Wutar da kamfanin Kaduna Electric ke rabawa a birnin tana tasowa ne daga Kainji, ta biyo ta Birnin Kebbi. A watan Afrilun 2025, da iska ta kayar da turakun wannan layi a jihar Kebbi, yankin ya kwashe kwanaki cikin duhu. Ga kuma tsadar mai tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, wadda ta sa kowace sa'a da inji ya yi a banza asara ce.

Ƙwaƙwalwar ma tana buƙatar wuta

Abin da masu gida da yawa ba su sani ba shi ne, a yawancin waɗannan na'urori ƙwaƙwalwar tana rayuwa ne da batirin janareta, mai volt 12 ko 24. Idan batirin ya yi rauni, allon zai mutu, ko ya riƙa kashewa yana kunna kansa daidai lokacin da inji ke ƙoƙarin tashi, saboda sitata ta janye ɗan ƙarfin da ya rage.

Zafin Sakkwato, wanda kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, yana ƙafar da ruwan batir, yana kuma rage masa kwana. Shi ya sa mai gyaran da ya san aikinsa daga nan yake farawa. Batir mai volt 12 da ke cike yakan nuna kusan 12.6 a mita idan yana hutawa, ya kuma haura 13 idan caja na aiki. Idan adadin bai motsa ba alhali akwai Nepa, to cajar ce ta mutu, ko fiyus ɗinta ya ƙone. Haka batirin zai yi ta zubewa a ɓoye, sai ranar da aka buƙace shi asiri ya tonu.

Idan ta ƙi karɓar Nepa

Wani ƙorafin da aka saba ji shi ne maƙwabta na da wuta, amma inji ya ƙi mutuwa yana ta shan mai. Sau da yawa na'urar gaskiya take faɗa. An tsara wutar gida a Najeriya a kan volt 230, kuma idan taransifomar unguwa ta ɗauki kaya fiye da ƙima, abin da ke isowa kan yi ƙasa sosai. Ƙwan fitila zai iya kamawa da haka, amma famfon rijiyar burtsatse ko kwamfaresan firji ƙonewa zai yi. Haka ma idan ɗaya daga cikin layuka uku ya ɗauke, ko wayar nutural ta tsinke: na'urar za ta ƙi karɓa don ta kare kayan gida.

Sai dai wani lokacin wutar lafiya lau take, ƙaramin fiyus ne da ke kai wa ƙwaƙwalwar labarin Nepa ya ƙone, ko ƙusar da ke riƙe waya ta saki saboda jijjigar inji. Ƙurar hunturu da ƙadangare da ke shiga akwatin su ma suna da nasu kason. Idan aka ji maɓallin canjin na kaɗawa kamar haƙoran mai jin sanyi, alama ce ƙarfin da ke riƙe shi bai isa ba.

Gyaran da ke kisa

Kuskure biyu ne suka fi yawa. Na farko shi ne gaggawar sayen sabuwar ƙwaƙwalwa mai tsada, alhali ciwon yana cikin batir ko fiyus. Sabuwar ma haka za ta yi.

Na biyun ya fi muni: haɗa waya kai-tsaye don a tsallake na'urar, ko cire makullin da ke hana Nepa da inji haɗuwa. Wannan na iya ƙona janareta, kuma yana iya tura wuta baya zuwa layin titi, inda ma'aikacin da ya hau turke yana zaton an kashe layi zai rasa ransa. Akwatin ATS wuta biyu ke shigarsa, don haka kashe ɗaya bai isa a sa hannu a ciki ba. Buɗe shi aikin ƙwararre ne.

Abin da ke hannun mai gida ba shi da tsada. Ya tabbata maɓallin inji yana kan matsayin tashi da kansa, domin sau da yawa bayan an yi masa sabis ake mantawa a bar shi a kashe. Ya sa a duba ruwan batir da bakinsa duk wata, a kuma share ƙura kafin bazara ta kama. Sannan ya ware rana guda a mako ya kashe babban maɓallin Nepa da gangan, ya tsaya ya ga ko injin zai tashi. Gara a gano matsalar da hantsi, lokacin da shagunan kayan wuta ke buɗe, da a gano ta ƙarfe biyu na dare.