Ma'anar Ƙirji a Harshen Alƙur'ani

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ya ku ƴan'uwa musulmi, kalmar da za mu tsaya a kanta yau ita ce "sadru", jam'inta "suduru", wadda muke fassarawa da ƙirji.

A zahiri, ƙirji shi ne abin da ke tsakanin wuya da ciki. Haƙarƙari 24 suka kewaye shi, 12 dama, 12 hagu, suna tsare zuciya da huhu. Wasu malamai sun kamanta zuciya da maigida, ƙirji kuwa da zaurensa: duk baƙon da ke neman maigida, nan yake fara sauka.

Don haka Suratun Nasi ta ambaci ƙirji a matsayin wurin da shaiɗan ke jefa waswasi. A Suratu Ɗaha kuma, da aka aiki Annabi Musa, alaihis salam, zuwa ga Fir'auna, buɗewar ƙirji ya fara roƙo kafin warwarewar harshe. Aya ta 125 ta Suratul An'am ta nuna cewa shiriya yalwar ƙirji ce, ɓata kuwa ƙuntatarsa.

Azumi na wofintar da ciki, amma ƙirjin wasunmu cike yake da gaba da hassada. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ana jinkirta gafara ga masu gaba har sai sun sulhunta. Wanda ya san ba ya magana da ɗan'uwansa saboda gado ko iyakar gona, ya je ya yi masa sallama kafin shan ruwan yau.

Allah Ya buɗa ƙirazanmu. Wallahu a'alamu.