Mai Shan Maganin Tsinka Jini, Kada Ka Ɓoye wa Mai Haɗa Magani Kome

A shekarar 1933 wani manomi a jihar Wiskonsin ta ƙasar Amurka ya kai wa masana garwa cike da jinin saniyarsa, jinin kuwa ya ƙi daskarewa. Shanunsa suna ta mutuwa da zubar jini. Da aka bincika, sai aka tarar harawar da suke ci ce ta yi fumfuna. Daga wannan bincike aka samo magani mai suna Warfarin. A 1948 aka fara sayar da shi don kashe ɓera, sai a 1954 aka yarda a ba mutane, amma da awo.

To, shi ne likita yakan rubuta wa wanda jini ya yi masa guda a jijiyar ƙafa, ko mai bugun zuciya ba daidai ba, ko wanda aka sa wa marfin zuciya na ƙarfe. In ya yi kaɗan, jini ya daskare, ɓarin jiki yana iya shanyewa. In ya yi yawa, jini ya ɓalle. Saboda haka ake ɗiban jini a auna lokaci lokaci. Ga yawancin mutane lambar da ake so tsakanin 2 da 3 take. Akwai sababbin iri, kamar Rivaroxaban, da ba su bukatar yawan awo, sai dai tsada.

Mutumin Dandume da aka rubuta wa maganin nan a Funtuwa ko a Shika, lalle ya san bambancin mutum biyu. Akwai mai haɗa magani wanda ya yi karatun abin a jami'a, akwai kuma mai kemis na bakin kasuwa, wanda doka ba ta ba shi izinin sayar da irin wannan ba. Amma ko na farkon, kome iliminsa, ba ya iya ba da shawara da ƙarfin zuciya sai ka buɗe masa cikinka, gama ba ya ganin abin da ke cikin aljihunka. Manomi ya dawo daga huɗar masara, baya yana ciwo, ya sayi Asfirin ko Diclofenac ya haɗa. Wannan shi ne babban haɗari. Haka Septrin da Flagyl, suna ƙara wa Warfarin ƙarfi ƙwarai. Jiƙo da sassaƙe ma a faɗa, ba abin kunya ba ne.

Uwargida, ga naki. Zogale da alayyafo da kabeji suna rage ƙarfin Warfarin. Ba a ce a daina ci ba, sai dai kada a yi mako uku babu ganye, sa'an nan a wuni ana cin kwaɗo. Mace kuma in tana zaton ciki, ta gaya wa likita da wuri, domin Warfarin yana ɓata ɗan tayi.

Wanzami fa? Ba ƙaho, ba tsaga, ba cire belu. Cire haƙori ma sai likita ya sani.

In ka manta ba ka sha ba jiya, kada ka sha biyu yau. In ka ga haɓo ya ƙi tsayawa, ko fitsari ya yi ja, ko bayan gida baƙi kamar kwalta, ko ka faɗi daga babur ka buge kai, kada a jira gari ya waye. A tafi asibiti da katin awon jini da kwalin maganin a hannu.